Ruwan da Muka Kai Lambun Baffa

Ƙauyenmu yana tsakanin katangar kamfanonin Chalawa da kogi. Kafin a ja katangar, gonakin gero ne a wurin, har da ta mahaifina. Da aka karɓi gonakin, abin da ya rage wa dattawanmu shi ne fadama, can gangare, inda suke lambu da rani. Lambun da ya fi kowanne girma na Baffa ne, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni bayan rasuwarsa. Akwai rijiya marar zurfi da jigo a kanta, da fangalin albasa da tumatir da attaruhu, da gwaba a bakin shinge. Da wannan lambun yake ci da gidansa. Ya sha gaya mini cewa gona dai an karɓe, amma ba wanda zai naɗe fadama ya sa a mota.

Ni a lokacin lebura ne a wani kamfanin fata. Da masaƙa na fara a Bompai, ina zuwa a keke, da aka buɗe na kusa da gida sai na dawo. Aikina sauke ƙiraga daga mota da zuba musu gishiri. Shekaruna sun wuce na samari, ba su kai na dattawa ba. In na zauna a dakalin masallaci ni ake aike sayen goro, in na je filin ƙwallo sai yara su rage murya su ce, "Yaya, sannu da zuwa." Saboda haka duk abin da wani ɓangare yake faɗa a kan ɗaya, a kunnena yake sauka.

Dattawa suna kiran samari 'yan jiniya. Sukan ce ladan ya kira suna kwance, amma jiniyar kamfani ta yi kuka har takalmi suke mantawa. Samari kuma suna kiran dattawa 'yan dakali, wai ba abin da suka iya sai tauna goro da lissafa wanda ya wuce bai gaishe su ba. Kowa da gaskiyarsa. Yaron da ya kwana tsaye a gaban inji, da safe wurin da zai sa haƙarƙari kawai yake nema. Tsohon da aka karɓe wa gona kuwa, gaisuwar nan ita ce ta rage masa.

Da can, kowace shekara kafin ruwa ya sauka, akan yi gayya a yashe kwarin da ya bi ta bayan gari ya gangara fadama. Sarkin samari ya yi shela, makaɗi ya zo da ganga, mata su dama kunu. Tun da aikin kamfani ya shigo abin ya mutu. Sarkin samari na ƙarshe ya zama yaron babbar mota a Dakata, ba a naɗa wani ba. Kwarin ya cike da yashi da shara. Ana nan sai kamfaninmu ya huda katangarsa ta baya ya sako ruwan wankin fata. Ruwan bai sami hanya ba, ya taru ya zama tafki a bayan masallaci, yau toka-toka, gobe shuɗi-shuɗi, da kumfa a kai. Wari har a sahu mutane suna toshe hanci da hannun riga. Mai Unguwa ya yi ta zirga-zirga ƙofar kamfanin, kullum a ce manaja ya yi tafiya.

Sai na ga ba mafita sai gayya, na kuma ce a raina ko wannan ne zai sa a sake haɗa kafaɗa. Na ɗauki watanni ina kai gwauro ina kai mari. Samari ba su da rana sai Lahadi. Da na faɗa a dakali, wani tsoho ya tofar da goro ya ce, "Gayya ranar Lahadi? Coci za mu gina?" Na koma bayan sati na sake tayar da zancen. A ɓangaren samari kuma, wanda suke jin maganarsa shi ne kyaftin ɗin ƙwallonsu, kowa ma Kyaftin yake ce masa. Kamfaninmu ɗaya, amma shi yana ciki, inda ake zuba magani a manyan gangunan da suke juya fata.

Ya ce, "Yaya, mu zo mu yi ta haƙa, suna zaune a inuwa suna zaginmu?"

Na ce, "Za su riƙe fartanya."

"Idan Baffanka ya riƙe fartanya, ni kuma zan kawo maka har masu tsaron gida."

Daga ƙarshe aka daidaita. Samari suka samu Lahadinsu, da alkawarin ranar ba wanda za a kira ɗan jiniya. Dattawa kuma suka ce za a yi bisa al'ada. Al'adar ita ce, wanda ya fi kowa shekaru cikin masu ƙarfin tafiya shi yake shiga gaba da sanda yana jan layi a ƙasa, masu haƙa suna binsa. Ba a gardama da sanda. Wanda ya yi gardama ya fasa gayya, kuma gorin fasa gayya har jikoki yake bi. A shekarar, sandar ta Baffa ce.

Ana saura kwanaki Kyaftin ya tare ni a ƙofar kamfani ya tambaye ni ina za a kai ruwan. Kwarin a ƙasan gari ya rabu biyu. Hagu ya nufi fadama, dama kuma akwai wani ƙaton rami da masu yin titi suka bari bayan sun ɗebi marmara. Ya ce, "Ramin za a kai shi, Yaya. Ruwan nan ba na shuka ba ne. Ni nake zuba abin da ke cikinsa."

Bayan la'asar na sami Baffa a lambu yana jan jigo. Na karɓa ina ja masa, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurara har na gama, sai ya yi dariya.

"Kai yaro ne. Ina saurayi, da jaki nake zuwa birni wurin majema, in roƙi dagwalon da suke kwashewa daga ramin jima. Har rige-rige muke yi. Mene ne a ciki? Bagaruwa ce da toka da kashin tattabara. Duk fangalin da na zuba wa, albasarsa sai ka riƙe ta da hannu biyu. Yau Allah ya kawo mini shi har bakin shinge, rani da damina, ba jaki ba mangala, ka ce in kai shi rami?"

Na ce, "Baffa, wannan ba bagaruwa ba ce. Gari ne a buhu da ruwa a duro. A jikin duron akwai rubutu, ban san me ya ce ba, amma akwai hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa."

"Don kada ku sha ne. Ni ma ban ce a sha ba. Fata fata ce, jima jima ce. Ko Bature ya canja wa saniya fata?"

"Ku dai a gwada a fangali ɗaya tukuna."

Ya shafa kafaɗarsa ya ce, "Kafaɗar nan ta gaji da jigo, ɗan nan. Kai kana kamfani, 'ya'yana suna kamfani. Wa zai ja mini?"

Na je wurin Mai Unguwa, na je wurin Liman. Bakinsu ɗaya: Baffanka ya fi mu sanin ruwa. Kuma ba ƙarya suka yi ba, duk ƙauyen ba wanda ya kai shi sanin ruwa da ƙasa. Na koma na gaya wa Kyaftin. Ya ce to shi zai yi magana ranar. Na roƙe shi ya yi a hankali.

Ranar Lahadi da hantsi ban taɓa ganin garinmu haka ba. Makaɗin ya tsufa, gangar ma sai da aka sake mata tsarkiya, amma da ya buga, mata suka leƙo ta kan danga. Dattawa suka fito da fartanya da kwanduna, sun ɗaure bante a kan wando. Samari suka zo da diga da shebur da baro da suka aro a wurin gini, wasu ma daga aikin dare suka wuto, ba su shiga gida ba.

Da farko kowa yana gefensa. Sai wani tsoho ya ga yadda wani yaro ya riƙe fartanya, ya kasa haƙuri.

"Kai ɗan ji... au, yau an hana. Kai ɗan albarka, cokali ka riƙe ko fartanya?"

Yaron ya ce, "Baba, ku nuna mini, ni kuma in koya muku tuƙin baro."

Tsohon ya kama baro, ya yi taku kaɗan ya kifar da shi a kan ƙafar Mai Unguwa. Aka kwashe da dariya, har Mai Unguwan. Daga nan aka cakuɗe. Makaɗi ya shiga yi wa samari kirari da na kakanninsu, wane jikan mai noma har rana ta faɗi, wane jikan wanda ya kama kada da hannu. Yawancinsu ba su taɓa jin wannan ba. A kamfani lamba ce da su. Na ga Kyaftin ya tsaya da diga a sama yana sauraren kirarin kakansa, sannan ya sauke ta da ƙarfin da ƙasa ta yi tsalle.

Baffa yana gaba da sandarsa, yana tafe yana jan layi, bai ko waiwayo ba. Haka aka bi shi har inda kwari ya rabu. Sandar ta karkata hagu.

Kyaftin ya ajiye diga, ya zagaya gabansa, ya cire hula ya durƙusa. Makaɗi ya tsaya. Kyaftin ya miƙa hannuwansa biyu. Tafin ya tsattsage, faratan sun cinye, tsakanin yatsu ya yi fari kamar an dafa.

Ya ce, "Baba, ku dubi hannuna. Da safar roba ma haka ruwan ya yi mini. Don Allah a kai shi rami."

Baffa ya kama hannun ya juya shi, ya daɗe yana dubawa. Ba da faɗa ya yi magana ba.

"Sannu, yaro. Ka taɓa ganin hannun majemi? Haka yake. Jima ba ta barin hannu lafiya, amma ƙasa tana sonta."

Wani daga baya ya ce, "An fara. Na gaya muku ba za a gama da su lafiya ba."

Na matso na ce, "Baffa, a tsaya a nan yau. A ɗebi ruwan a tulu a gwada, in ya yi kyau a ƙarasa."

Ya ce, "Wata nawa ka yi kafin ka tara mutanen nan? Ka san za su sake taruwa?"

Sai mahaifin Kyaftin ya ratso jama'a, ya ce wa ɗansa, "Tashi. Ba a gidana za a ce an fasa gayya ba."

Kyaftin ya dube ni, ya dubi abokansa. Yaran nan da safen nan aka fara kiransu da sunan kakanninsu, ba wanda yake so a ce su ne suka ɓata. Ya mayar da hularsa, ya ɗauki diga, makaɗi ya buga. Shi ya fara sara a layin hagu, kuma har aka gama ba wanda ya kai shi haƙa.

Kafin azahar aka fasa bakin tafkin. Ruwa ya bi kwari yana kumfa, yara suna binsa da gudu, mata suna guɗa. Aka kawo tuwo, tsoho da yaro hannu a akushi ɗaya. Baffa ya ɓare goro ya ba Kyaftin da hannunsa. Liman ya yi addu'a mai tsawo. Ni kaina da na ga haka sai na ce wataƙila Baffa ne da gaskiya, mutumin da ya yi furfura a fadama.

Makonnin farko ganye ya yi kore shar, har ya fi na da. Baffa ya daina jan jigo, ya buɗe wa fangalinsa ruwan kwari, maƙwabtansa suka bi shi. In ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Ina mai ƙoƙon kai? Zo ka ga guba!" Ina dariya, ina addu'a ya ci gaba da yi mini gorin.

Sai bakin ganyen ya fara ƙonewa. Wani farin abu kamar kanwa ya fito a kan fangali, ƙasar ta daskare, fartanya tana tsalle a kanta. Albasa in ka ciro ta, gindin ya ruɓe. Tumatir ya zubar da fure. Baffa ya toshe hanyar ruwan ya koma jigo, amma guga ya fito da ruwa mai launi da maiƙo a sama, don kwarin a jikin shingensa ya bi, dare da rana. Ƙafafunsa suka tsattsage irin hannun Kyaftin. Ya ce damina za ta wanke. Damina ta zo ta kwashi ruwan ta shimfiɗa shi a duk fadamar. Gwabar ma ta zubar da ganye, ba ta sake tohowa ba.

Kamfani kuwa, da suka ga ruwa yana tafiya, sai suka cire ƙaramin bututun suka sa babba na kankare. Suka aiko wa Mai Unguwa da kwalin sabulu, wai sun yaba da haɗin kan gari. An raba sabulun gida-gida. Na gidan Baffa, matarsa ta wanke masa ƙafa da shi.

Na sake ɗaukar ƙafa don a yi gayya ta biyu, a toshe hagu a buɗe dama. A dakali aka ce, "Su da suka san guba ce, me ya sa suka haƙa? Ruwan iyayen gidansu ne, sun rasa inda za su kai shi suka kawo mana." Na ce yaron ya durƙusa a gabanku. Aka ce ai da da gaske yake da bai ɗauki diga ba. A filin ƙwallo kuma aka ce, "Mun faɗa, aka ce mu tashi." Kyaftin bai ko tsaya da ɗaure takalminsa ba.

Ya ce, "Yaya, na durƙusa sau ɗaya a gaban duk gari, ubana ya tashe ni kamar akuya ta shiga gona. Ka ce musu su kira makaɗi su haƙa da sanda."

Ba a jima ba ya samu aiki a Sharaɗa ya kama ɗaki a can. Ko sallah sai ya yi wa mahaifiyarsa aike.

Ni da Baffa muka gwada mu biyu, Lahadi bayan Lahadi. Hanyar ramin marmara ce, diga tana tartsatsi. Abin da muka tare da buhunan yashi, kafin Litinin ta ƙare ruwa ya ɓalle shi, don yanzu ya ninka na da. Muna haƙa, dattawa suna kallo daga dakali, samari suna wucewa da ƙwallo. Wasu sukan ce sannu. Muna cikin haka aka zo aka kewaye ramin da waya, aka ce an sayar za a gina wani kamfanin. Ranar Baffa ya saɓa fartanyarsa ya yi gaba.

A garinmu babba ba ya zuwa ƙofar ƙarami, aike yake yi. Wata safiya ina shirin fita sai na ji sallamar Baffa. Na fito da sauri na shimfiɗa tabarma, ya ce a bar ta. Ya tsaya yana kallon kekena.

"Ka yi wa helmanku, shugaban leburori, magana. Ko gadi ne."

Na ce, "Baffa, ku bari mu riƙa haɗa muku abin cefane."

"Ban zo roƙo ba. Aiki na ce."

An ɗauke shi gadin rana a ƙofar da leburori suke shiga. Aka ba shi kaki da ya yi masa yawa, yana sa shi a kan taguwarsa. In jiniya ta yi kuka shi yake miƙewa ya ja ƙofa, yaran da ya yi wa suna su wuce suna cewa, "Baba mai gadi, ina kwana." A dakali aka daina cewa 'yan jiniya, amma ba shiri aka yi ba. Gayya kuwa ba a sake yi ba. Ko makabarta za a share, sai dai a biya leburori.

Bai taɓa ce mini ya yi kuskure ba, ni ma ban taɓa tayar masa da zancen ba. Bayan na shiga ajin yaƙi da jahilci, wata rana ana sauke durori a kusa da ƙofarsa, ya kira ni ya nuna da haɓa.

"An ce yanzu kana karatu. Me aka rubuta?"

Na sunkuya na bi baƙaƙen da yatsa. Na gane su ɗaya-ɗaya, amma ba su haɗu sun zama magana ba. Na ce, "Baffa, na Hausa aka koya mana. Wannan Turanci ne."

Ya ce, "To, bar shi."

Baƙi in sun zo garinmu sukan yaba cewa bayan masallacinmu ba wari, a ba su labari cewa gayya aka yi. Haka ne, an yi, kuma ban taɓa ganin wadda ta kai ta kyau ba. Fadamar tana nan fari fat, da sandar jigon Baffa a tsaye, ba wanda ya ko cire ta ya yi makamashi.

Akwai wata mai tallan kayan miya da take zama a ƙofar kamfani in an kusa tashi. Wata rana na fito na tarar da Baffa a tsugune gaban tirenta, ya ɗauki albasa guda yana juya ta a tafin hannu, yana latsa wuyanta da babban yatsa. Ya tambaye ta daga ina ake kawowa. Ta ce ba ta sani ba, a kasuwa ta saro. Ya ce an cire ta ba ta ƙosa ba, da an bar ta kwana kaɗan. Ta ce, "Baba, saya za ku yi ko wa'azi?" Ya buɗe baki zai amsa sai jiniya ta yi kuka. Ya ajiye albasar, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya tafi ya ja ƙofa.